Ƙira Gado Ce, Kira Fa?

Tsakanin kira da ƙira, a takarda, babu komai sai 'yar ƙugiya a kan harafin farko. Wanda wayarsa ba ta da haruffan Hausa ma iri ɗaya yake rubuta su, ya bar mai karatu da lalube. A zaman duniya kuwa kowacce da hanyarta, kuma a daidai mararrabar nan gidajen masu aikin bishara da yawa suka daɗe suna tsaye.

Yaron gidan maƙera tun bai iya ɗaura wando ba yake zaune gindin zugazugi. Shi ne mai zuga, shi ne mai ɗebo gawayin ƙirya, shi ake cewa ya miƙo awartaki. Kafin ranar da za a damƙa masa masaba ya riga ya san irin jan da ƙarfe ke yi in ya nuna, ya san amon da uwar maƙera ke bayarwa in bugu ya sauka daidai. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ko yana so, shi ma bai taɓa tambayar kansa ba. Sunansa ɗan gado. Wanda ya shigo sana'ar da girmansa, ko ya fi kowa iya ƙera garma, ɗan haye ne, kuma akwai ranar da za a tuna masa. Haka abin yake a wanzanci da fawa da dukanci da sarkanci, har malanta ma muna cewa gidan wane gidan malamai ne. Bahaushe ya yarda da gado, shi ya sa ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa, ya kuma ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kira bai san wannan doka ba. Kafin a ce an yi kira sai an sami mai kira, an ambaci suna, an sami kunnen da ya ji. A bakin Kirista masu magana da Hausa kalmar ta yi nauyi ƙwarai: wane ya sami kira, wane ya amsa kira, wane yana gudun kira. Saurayin da ya nemi shiga makarantar Littafi Mai Tsarki, tambayar da dattawan ikkilisiya ba sa tsallakewa ita ce yaushe ya ji kiran, kuma ta yaya. In ya ce ai babansa mai bishara ne, bai ba da amsa ba tukuna. To, in kira na Allah ne, yana sauka inda Ya ga dama, me ya sa muke ganinsa yana bin gida ɗaya daga kaka zuwa jika har tattaɓa kunne, kamar filin gona?

Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye wannan ja-in-ja ba. Aikin firist gado ne tsantsa, na zuriyar Haruna daga kabilar Lawi, ba a shiga da sha'awa. Annabci kuwa ba ya tambayar dangi. Amos makiyayi ne daga Tekowa, kuma da firist na Betel ya nemi korarsa, hujjar Amos ita ce shi ba gadon abin ya yi ba, daga bayan garke aka ɗauko shi. Labarin da ya fi shiga zuciyar batun shi ne na Sama'ila. Uwarsa Hannatu ta yi wa'adi tun kafin a haife shi, da ta yaye shi ta kai shi Shilo ta bar shi a hannun Eli. Ta fuskar uwa an gama magana, an ba da yaro. Duk da haka sai da aka kira shi da sunansa cikin dare. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne inda yaron ya nufa da ya ji muryar: wurin tsohon da ke riƙonsa. Sau uku yana tashi yana zuwa, don a kunnensa muryar ta yi kama da ta babban gida. Eli kuwa, mutumin da ya kasa tsawata wa 'ya'yansa na cikinsa Hofni da Finehas har suka ɓata gadon firistanci, a wannan dare ya yi abin da ya dace. Ya gaya wa yaron ba shi ya kira shi ba, ya ce ya koma ya kwanta, in an sake kira ya amsa wa mai kiran. Da ya so, da ya ce na'am, ni ne, ya mallaki yaron har abada. Shi Sama'ilan ma da ya tsufa ya naɗa 'ya'yansa alƙalai a Biyasheba, suka shiga cin hanci. Muƙami ya iya bar musu, sauran abin bai gadu ba.

Ɗan mai bishara na kowane zamani yana cikin halin yaron nan na Shilo. Yana jin wani abu na jan sa, amma da wuya ya tantance ko muryar Ubangiji ce ko ta mahaifinsa, ko kuwa kunyar jama'ar da suka sa masa ido ce.

Akwai iyayen da suka gane haɗarin. A garin Barnsley na Ingila, James Taylor, mai haɗa magunguna kuma mai wa'azi a ɗarikar Metodis, ya roƙi Allah in ya sami ɗa namiji ya aike shi ƙasar Sin. Aka haifi Hudson Taylor a 1832. Iyayen ba su gaya masa wannan addu'a ba. Ya taso, ya yi 'yan shekarunsa na shakka, ya tuba yana ɗan shekara 17, ya hau jirgin ruwa a 1853, kuma sai da ya yi shekaru a Sin ya koma gida sannan ya ji abin da aka roƙa a kansa. A ganina wannan shiru ya fi wa'azi dubu. Sun so abin har ransu, suka kama bakinsu don kada son nasu ya toshe wa yaron kunne. Ƙungiyar da ya kafa a 1865 don kai bishara cikin ƙuryar Sin ta rayu, ita ce OMF ta yau, kuma tattaɓa kunnensa James Hudson Taylor na uku ya shugabance ta daga 1980 zuwa 1991.

Zuriyar da aka fi kafa misali da ita ita ce ta Scudder. John Scudder likita ne a birnin New York, ya bar aikinsa a 1819 ya tafi tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yanzu, daga baya ya ƙetara Indiya. 'Ya'yansa maza bakwai duk sun yi aikin mishan a Indiya. An ƙirga mutum 42 daga gidan cikin tsara huɗu, in an haɗa shekarun aikinsu sun haura dubu. Mai jin wannan lissafi zai ce to ai magana ta ƙare, kira ma gado ne. Sai dai wadda ta fi kowa suna a gidan ita ce wadda ta rantse ba za ta yi ba.

An haifi Ida Scudder a kudancin Indiya a 1870. Tana ƙarama ta ga yunwar da ta afka wa yankin, ta ga yara suna mutuwa a bakin ƙofa, abin ya tsaya mata a rai. Daga baya gidan suka je Amurka, iyayenta suka koma bakin aiki suka bar ta can wurin dangi tana budurwa. Ta ƙullaci aikin da ya raba ta da uwarta. Burinta ta yi aure ta zauna a Amurka, in ƙawayenta na makaranta sun tsokane ta cewa ita ma hanyar gidansu za ta bi, sai ta fusata. Ciwon mahaifiyarta ne ya mai da ita Indiya a 1890, da niyyar jinya kawai, ta gama ta juya.

Wani dare a garin Tindivanam tana zaune tana rubutu, aka yi sallama. Wani mutum ne daga manyan Hindu, matarsa yarinya tana kan gwiwa, haihuwa ta gagara, yana roƙon Ida ta zo. Ta ce ita ba ta san komai a aikin ba, amma ga mahaifinta likita a ɗaki, bari ta taso shi. Mutumin ya ƙi, namiji ba zai shiga kan matarsa ba. Ya tafi. Can an jima wani ya zo, Musulmi, da irin wannan buƙata, ya ba da irin wannan amsa. Kafin gari ya waye na uku ya zo, shi ma haka. Mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, mun san kulle, mun san gidan da likita namiji ba ya wuce zaure. Da safe ta ji kiɗan makoki a gari, ta aika a tambayo. Duka matan uku sun rasu.

Ta koma Amurka ta karanta likitanci, ta gama a Jami'ar Cornell a 1899, ta dawo ta buɗe ɗakin shan magani mai gado ɗaya a Vellore a 1900. A 1918 ta fara koyar da 'yan matan Indiya aikin likita, kuma wannan makaranta ce ta zama kwalejin likitanci ta Vellore da ake ji da ita a Indiya har yau. Abin lura shi ne kiran nata bai fito daga bakin uba ko kaka ba. Baƙi uku ne suka kawo shi, ba ma masu addininta ba. Amma me ya sa ƙofarta suka buga? Don gidan ne aka sani da buɗe ƙofa da tsakar dare. Ta san mutanen, ta san abin da ake nufi da tashi daga barci saboda wani. Abin da ta gada ke nan: zama a inda ake sallama, da kunnen da ya saba. Amsawar kuwa tata ce ita kaɗai, kuma aikin da ta yi aiki ne da babu namijin gidansu da zai iya yi.

Akwai kuma abin da ake gada wanda ba a cika faɗa a kan bagade ba, wato kuɗin da aikin ke ci, kuma sau da yawa yara ne ke biya. James Taylor na uku yana makarantar kwana ta 'ya'yan mishan a Sin lokacin da sojojin Japan suka kwashe su zuwa sansanin Weihsien, ya yi fiye da shekara biyar bai sa iyayensa a ido ba. A sansanin nan Eric Liddell ya rasu a 1945, gwanin gudun da ya ci zinare a wasannin Olamfik na 1924, shi ma ɗan mishan da ya koma aikin ubansa. A nan ƙasarmu, makarantar Hillcrest da aka buɗe a Jos a 1942 da Kent Academy ta Miango sun karɓi 'ya'yan Turawan mishan daga ko'ina, har daga ƙasar Nijar. Yaro ɗan shekara shida a ɗora masa akwati, ya yi watanni bai ga uwarsa ba. A maƙabartar Miango akwai ƙananan kaburbura da yawa. Wasu daga cikin yaran nan sun girma sun dawo aikin da murna, wasu kuma sun tsufa suna tambayar wanda ya nemi shawararsu kafin a ba da su. Tambayar tasu halal ce. Uba ya amsa kira da bakinsa, ɗa kuwa an amsa da ƙuruciyarsa.

Waɗanda suka bi wata hanya fa? Mu kan yi saurin cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Samuel Ajayi Crowther ya zama bishop a 1864, ɗansa Dandeson ya bi sawunsa ya shafe shekaru da yawa yana aikin ikkilisiya a yankin Bonny. Jikan Samuel ta wajen 'yarsa, Herbert Macaulay, wanda ubansa ma limamin coci ne da ya kafa makarantar sakandaren CMS ta Legas a 1859, safiyo ya zama, ya kafa jam'iyyar siyasa a 1923, ya addabi Turawan mulki da alƙalami da baki. Yana cikin rangadin neman goyon baya ciwo ya kama shi a Kano a 1946, aka mai da shi Legas ya cika. Wa zai ce bai gaji kakansa ba? Taurin kai a kan abin da ya yarda da shi da yawo gari gari don shawo kan mutane, a gida ya same su. Yakubu Gowon ɗan mai bishara ne da ya tashi a Wusasa, soja ya shiga. Pearl Buck, 'yar mishan da ta girma a Sin ta ci kyautar Nobel ta adabi a 1938, fitowa fili ta yi ta soki yadda ake gudanar da aikin mishan ɗin, kuma ba wanda ya isa ya ce ba ta san abin da take faɗa ba.

Wani lokaci kuma kiran yakan tsallake jini gaba ɗaya. Walter Gowans ne ya fara ɗaukar nauyin ƙasashen da Turawa ke kira Sudan, wato har da ƙasar Hausa. Mahaifiyarsa Margaret, a birnin Toronto na Kanada, ita ta zaunar da wani saurayi mai suna Rowland Bingham ta yi ta ba shi labari har abin ya kama shi. Gowans da Bingham da Thomas Kent, su uku, suka sauka Legas a Disamban 1893. Kafin shekara ta zagayo Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham, wanda ba ɗanta ba, shi ya rage da kayan a ka, ya faɗi ya tashi har aka kafa tashar farko a Patigi a 1902. Daga wannan aiki, wanda ya zama ƙungiyar mishan ta SIM, ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Nan abin ya faro daga ɗa, ya bi ta uwa, ya sauka kan baƙo. Mai rabon gado bai san irin wannan lissafi ba.

Yau yawancin masu kai bishara a ƙauyukan Arewa 'yan ƙasa ne, kuma da Hausa mafi yawansu ke wa'azi, ko da ba ita ce harshen da suka sha a nono ba. Ƙungiyar EMS, wadda ta faro tun 1948, ita ce hannun ECWA a wannan aiki. Panya Baba, mutumin Karu, ya jagorance ta daga 1970 zuwa 1988, sannan ya zama shugaban ECWA. Ɗansa Stephen hanyar akanta ya fara bi, daga baya ya shigo aikin, ya riƙe EMS ɗin, aka kuma zaɓe shi shugaban ECWA a 2018. Su waɗannan an san sunansu. Dubban da ba a sani ba suna can inda mota ba ta zuwa da damina.

Duk wanda ya taɓa kwana a gidan mai bishara na ƙauye ya san tsarin. Ɗaki biyu na laka, gefe ga majami'a da 'yan bencina. A jikin bishiyar darbejiya an rataye tsohon ƙarfen ƙafar mota, shi ne ƙararrawa, kuma ɗan gidan ne ke buga shi da asuba ranar Lahadi. Shi ke share majami'a, shi ke jera bencina, shi ke riƙe fitila in babansa zai je gaisuwar rasuwa da dare. Ya haddace littafin waƙoƙi tun bai iya karatu ba, don yana goye a bayan uwarsa ake rera su a zumuntar mata. Ya san watan da alawus bai zo ba, ya san buhun masarar da wata ikkilisiyar birni ta aiko bayan girbi, ya san ranar da aka koro shi daga makaranta saboda kuɗi. Ya iya harsuna uku ko huɗu saboda ƙaura, kuma ba shi da garin da zai bugi ƙirji ya ce nasa ne. Mutanen gari na ce masa ƙaramin fasto, in ya yi faɗa da sa'ansa a ce ɗan fasto guda. Gindin zugazugi yake zaune shi ma, ba shakka. Duk abin da hannu da ido za su koya ya koya. In ya kai shekara ashirin zai iya tsayawa ya yi wa'azin da jama'a za su ce Allah Ya yi albarka, ko da a zuciyarsa bai ji komai ba. Haɗarin ke nan, domin a ƙira gwaninta ta wadatar, garma ba ta tambayar zuciyar wanda ya ƙera ta. A wannan aiki kuwa wanda ya shiga da gwaninta kaɗai, ranar da aka ƙi jinsa, ko aka kore shi daga gari, ko ɗansa ya kwanta ciwo babu kuɗin asibiti, ba zai sami abin da zai dafa ba.

Ba na shakkar ɗan da ya gaji ubansa a irin wannan wuri, don babu abin kwaɗayi a ciki, ya ga wahalar da idonsa ya kuma zaɓe ta. Inda nake ɗaga gira shi ne manyan majami'un birni masu motoci da filaye da makarantu, inda mai gida na rasuwa sai a wayi gari kira ya sauka kan matarsa ko babban ɗansa, daidai lokacin da kujera ta zama fanko. Yana yiwuwa gaskiya ne a wasu wurare, zuciya Allah kaɗai Ya san ta. Amma abin mamaki ne yadda irin wannan kira bai cika ɓata hanya ya sauka kan ɗan mai gadi ba, bai kuma cika tura ɗan gidan zuwa ƙauyen da babu wuta ba. Wannan sarauta ce, a kira ta da sunanta.

Bulus manzo ya yaba wa Timoti da bangaskiyar da ta fara zama cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, amma a wasiƙar nan ɗaya ya ce masa ya hura baiwar da ke cikinsa. Mata biyu sun yi nasu, saura nasa. Maƙwabtanmu Musulmi sun san wannan sarai. Sun san gidan Shehu Usmanu ya fitar da Bello da Nana Asma'u, sun kuma san ɗan Annabi Nuhu bai shiga jirgi ba.

Saboda haka ina da roƙo ga dattawan da ke zaman tantance masu neman shiga aikin. In ɗan mai bishara ya zauna a gabanku, kada sunan ubansa ya sa ku taƙaita tambaya, ku tambaye shi har ya fito da abin da yake nasa. In ya ce shi likitanci zai karanta ko kanikanci, kada a bi uwarsa da gorin cewa ɗanta ya watsar da gado. Iyaye kuma da suka yi wa'adi a kan 'ya'yansu, su yi ta addu'arsu a ɗaki, su bar yaron ya ji da kunnensa. Ku kuma ikkilisiyoyin birni da kuka aiki mutum daji da mata da 'ya'ya, ku biya kuɗin makarantar yaran nan a kan kari, kafin ku fara tambayar wanne a cikinsu zai gaji ubansa.